Makullin Munkaila

Munkaila direban kamiyo ne, babbar motar kaya, mutumin Matamaye, ko da yake garin ya fi sanin ƙarar hon ɗinsa a kan fuskarsa. Tun yana saurayi yake jan kaya tsakanin Damagaram da Kano. Ko a gida bai iya zama ba. Matarsa Saratu takan ce in ka ba shi tabarma, sai ya zauna a bakinta kamar wanda ya zo cin bashi.

Kamfanin da yake wa aiki ba ya biyan wata, sai tafiya. Mota ta yi kwana da kwanaki tana jiran takarda, wannan asarar direba ce. Taya ta fashe, a cire a ladansa. Ga kuma dokar da ba a rubuta ba amma kowa ya haddace: wanda ya sauka daga mota da kaya a kai, makulli ya zama na wani. Masu jiran makullin kuwa ga su nan a ƙofar kamfani, suna shan shayi suna kallon hanya.

Don haka Munkaila bai ga sunan 'ya'yansa ba, bai ga jana'izar wansa ba. Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya masa a rai. Da 'yar marigayin, Najaha, ta kawo wanda take so, Munkaila ya rantse shi zai bayar da ita da bakinsa, tunda babu sauran ɗan'uwan ubanta sai shi.

Aka sa ranar Juma'a. Tun Litinin yake bakin iyaka a Ɗan Barto da lodin wake, kamfani bai aiko da kuɗin duwan, wato kwastan, ba. Ga Matamaye nan kusa, tafiyar da babur zai yi kafin tuwo ya huce. Ya zagaya motar, ya duba tayoyi, ya sake zagayawa. Abinci ma a tsaye yake ci.

Da safiyar Juma'a ya kira Alhaji Sallau, wakilin kamfani.

"Alhaji, a taimaka mini. Ɗaurin auren ɗiyar yayana ne. Kafin la'asar na dawo."

"Malam Munkaila, in takarda ta fito ba ka nan fa?"

"Tun Litinin ba ta fito ba, Alhaji."

"To, ni dai na gaya maka."

Tsoro ya kama shi sosai, don ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Duk da haka ya damƙa wa mai gadin wurin makulli, kamar yadda doka ta ce, ya hau babur da rigarsa mai warin man gazuwal.

Ya iske masallaci cike. Liman ya tambayi waliyyi, Munkaila ya ce, "Na ba su." Daɗi ya cika shi har ya yi ƙwalla. Amma ana shafa fatiha wayarsa na ta motsi a aljihu, shi ma ƙafarsa na motsi. Ko goro bai tsaya karɓa ba.

Ya isa Ɗan Barto an ɗaga shinge. Motarsa ce ke ƙetarewa, Ɗanjuma a kan sitiyari, ɗaya daga cikin masu shayin nan, mai iyali shi ma. Munkaila ya diro daga babur ya bi ta da gudu, takalminsa ɗaya ya suɓule. Mutane suka zaci dambe za a yi. Ɗanjuma ya leƙo, fuskarsa duk kunya.

Munkaila ya kama ƙofar yana haki.

"Birkinta na ja hagu in ta yi zafi," ya ce. "Ka bi ta a hankali wajen gangaren Kazaure."

Ya saki ƙofar, motar ta wuce.