Ranar da na kai kyashina ofishin lauya

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da ranar da na je ofishin lauya da nufin kai ƙara a kan ciwon da ya riga ya warke.

Ni maɗinkin hula ne a cikin Birnin Zazzau. Rumfa ɗaya muke zama da wani abokina kusa da Ƙofar Kuyambana, tare muka tashi, kuma wurin malami ɗaya muka koyi riƙon allura. Wata ranar Laraba da hantsi birki ya ƙwace wa wata tifa mai ɗauke da yashi, ta afko cikin rumfar. Ni kwanon rufi ne ya buge ni a kafaɗa, na sha magani kwana uku na miƙe. Shi kuwa hannunsa na dama ya murƙushe.

Danginsa suka ɗauki lauya. Ba a ma kai ga kotu ba aka yi sulhu. Mai tifar ya biya kuɗin asibiti, ya kama masa shago a Tukur-Tukur ya zuba masa kayan masarufi. A nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Duk majalisar da na zauna zancen shagon ake yi, ana cewa wani hanin ga Allah baiwa ne. Nakan ce “Allah ya sa albarka,” amma ƙirjina kamar an zuba garwashi. Hatsari ɗaya muka yi, ga shi ya zama mai shago, ni ina nan ina tsiyayar da idona a kan zare. Na yi wata biyu ban leƙa shi ba.

Ran nan na naɗe kafaɗata da bandeji na tafi wurin wata lauya, 'yar unguwarmu ce da na san ta tun tana ƙarama. Ta saurare ni a natse, sannan ta tambaye ni katin asibiti, da hoton ƙashi, da kwanakin da na yi ban yi aiki ba. Ko ɗaya ba ni da abin nunawa. Ta yi mini bayani cewa ina da damar shigar da ƙara, amma kotu asarar da mutum ya yi take dubawa. Ta ce za a iya shekaru ana ɗage zama, kuma wancan ɓangaren zai sa likita ya duba ni.

Sai ta ajiye bironta ta ce, “Kawu, ka gaya mini tsakani da Allah, me ka rasa a hatsarin nan?”

Kafin in yi tunani bakina ya suɓuce, na ce, “To ai shi an ba shi shago.”

Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi in ta karɓi shari'ar nan ta cuce ni.

Na fito ina jin haushinta, na zarce Tukur-Tukur, wai in gano wa idona abin da aka hana ni. Na tarar da abokina yana ƙoƙarin ƙulle ledar sukari da hannun hagu da haƙora, mai saye na tsaye yana jira. Bayan mun gaisa, ko ƙorafin rashin zuwana bai yi ba. Ya jawo wata hula da ya fara wa mahaifinsa kafin hatsarin, an ɗinka rabi, ya miƙo mini.

“Ka ƙarasa mini ita, mutumina,” in ji shi. “Wallahi duk sanda na wuce na gan ka da allura, sai in kau da kai. Kyashinka nake yi.”

Na karɓi hular. Ba zan yi ƙarya in ce zuciyata ta wanke a ranar ba, don na daɗe in na ga an sauke masa kaya sai kyashin ya motsa mini. Amma na ƙarasa hular, kuma ban sake neman lauya ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi kyashin abin da ke hannun wani, ka tambayi abin da ya bayar aka ba shi. In ba za ka yarda a yi musaya ba, to ka yi shiru ka gode wa Allah.