Sarkin Naman Da Ba Ya Cin Rago

Duk wanda ya zauna da Kawu Bulus ya san ba a cewa abu ya ƙare a gabansa. Ka ce masa sukari ya ƙare, sai ya sauko da tabarau kan hanci, ya dube ka kamar ka zage shi, ya ce, "Ka leƙa?" Ka ce ka leƙa, sai ya sa a kawo gwangwanin, ya kife shi a tafin hannu ya bubbuga, 'yan ƙwayoyi su faɗo, ya nuna maka. "To waɗannan fa, yashi ne?" Ranar da aka ce masa kananzir ya ƙare a gidan man da ke hanyar Sabon Gari, cewa ya yi a buɗe masa murfin tankin ƙasa ya gani. Ba su buɗe ba, amma sun samo masa kwalba guda don ya bar musu wajen.

Ni ce Rifkatu, 'yar ƙanwarsa, mai ɗinki a kasuwar Sabon Gari. An ce in rubuta wani abu a ɗan littafin tunawa da shi na cikar shekara da rasuwarsa, an kuma ja mini kunne wai in rubuta mai daɗi. To ku yi haƙuri. Dariya kam za ku yi, don Kawu ya isa a yi masa dariya, amma raina a ɓace yake.

Tun ina goye Kawu yake aiki a shagon Oga Sunday da ke Samaru, inda ake ɗinke littattafan da suka yage a yi musu sabon bango, a kuma haɗa wa ɗalibai furojet ɗinsu na kammala karatu. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya ɗinka littafi bai karanta shi ba. Aikin kwana biyu sai ya kai mako, mai littafi yana zarya, Kawu yana ce masa gam bai bushe ba.

A haka wata rana aka kawo masa wani tsohon littafi mai hotuna. Mutane ne tsaye cikin ƙanƙara, sun zane jikinsu da ratsi-ratsi, wasu sun rufe kai da dogayen huluna na ɓawon itace da fata. Kawu ya karanta shi daga bango zuwa bango, ya fito ya nufi teburin Malam Sani mai shayi idanunsa jawur.

"Sani, ka san Selknam?"

"Sarkin nama? Wanne, na mahauta?"

"Selknam na ce! Mutane ne, can ƙarshen duniya, kudancin Ajantina da Chile, a wani tsibiri da Turawa suka sa wa suna Ƙasar Wuta."

"To, me sarkin naman ya yi maka?"

Kawu ya zauna ya zayyana musu. Maharba ne, da kwari da baka suke farautar wata dabba da ake kira gwanako, 'yar'uwar raƙumi ce amma ƙarama kuma ba ta da tozo. Namanta suke ci, fatarta suke yafawa. Zanen jikin nan na bikin shigar samari cikin manya ne, inda maza ke fitowa a kamannin iskoki. Sai Turawa suka zo da tumaki, suka kewaye ƙasar da waya, gwanako suka rasa wajen kiwo. Mutanen da yunwa ta dama suka ga wata farar dabba a filin kakanninsu, suka harba. Masu tumaki kuwa suka ɗauki 'yan bindiga, ana biyansu lada in sun kawo kunnen mutum.

"Kunne, Sani! Kunnen ɗan Adam, saboda tunkiya! Wasu ma aka kwashe su zuwa Turai aka sa a keji ana kallo. Sannan littafin ya rufe da cewa wai sun ƙare. Sun ƙare, kamar garin kwaki a buhu!"

Malam Sani ya jinjina kai, ya ce Allah ya isa, sannan ya ɗaga murya ya ce a miƙa wa Sarkin Nama shayinsa kafin ya huce. Shi ke nan suna ya bi shi. Har ya koma ga Allah, 'yan acaɓan Samaru ba su san wani Bulus ba.

Daga ranar kuma ya daina cin naman tunkiya da na rago. Akuya zai ci, sa zai ci, kaza kuwa har ƙashi. Maƙwabcinsa a Dogarawa, Alhaji Tanimu, bai taɓa fasa aiko masa da cinyar rago ranar Babbar Sallah ba. Kawu ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi godiya, ya sa albarka, ya miƙo mana. Da Alhaji ya ji labari sai ya tako da kansa.

"Haba Malam Bulus! Ragon nan a kasuwar Giwa na sayo shi. Ko Kaduna bai taɓa zuwa ba, balle Ajantina."

Kawu ya ce, "Danginsa sun je."

Mu kam ba mu taɓa yi masa musu a kan wannan ba, don cinyar takan kai mu kwana uku.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin rigimar tsufa kawai, sai ranar da cocinmu ta shirya bikin al'adu. Aka ce kowace ƙabila ta fito da shigarta. Matar da ke rubuta sunaye baƙuwa ce a garin, ba ta daɗe da zuwa daga kudu ba. Ta tambayi Kawu ƙabilarsa, ya ce Bahaushe. Ta yi dariya, ta ce da Turancin buroka ai Hausawa ba sa zuwa coci, ya faɗi ƙabilarsa ta gaskiya. Ya ce kakansa a ƙasar Zazzau aka binne shi, kakan kakansa ma haka. Ta ce to ita dai a takardarta babu layin Hausa.

Na zaci zai fashe. Sai kawai ya ce, "Rubuta Selknam." Ya karanto mata baƙi ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta rubuta, a zatonta wata ƙabila ce a bayan Kafanchan.

Ranar biki, ga Ibo da jajayen huluna, ga Yarbawa da manyan ɗankwalaye, ga Bajju da Atyap da gangunansu. Mai sanarwa ya yi ta kokawa da sunan, daga ƙarshe ya ce, "Sel... Sarkin Nama!" Coci ta ɗauki shewa. Sai ga Kawu shi kaɗai, ya yafa buzun akuya a kan rigarsa ta Lahadi, gashin a waje yadda ya gani a hoto. Buzun kuwa na sallar Alhaji Tanimu ne, aro ya yi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya karɓi abin magana ya ce, "Na zo a madadin mutanen da aka rubuta cewa babu su. Ni ma an ce babu ni, ga ni kuwa na yi wanka na zo. Wanda duk ya ce maka babu wasu mutane, tambaye shi ko ya je ya leƙa." Ya miƙa abin magana, ya koma ya zauna yana zufa, don watan Afrilu ne. Dariyar ta mutu a bakin mutane. Ni dai ban ƙara jin kunyar buzun ba, kuma a shekarar da ta biyo aka ƙara layin Hausa a takardar.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni rubuta mai daɗi.

Akwai wani Dakta, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ya rubuta ɗan littafi da yake sayar wa ɗalibansa, ya kawo shagon Oga Sunday a yi masa bango, kwali-kwali. A ciki ya jera ƙabilun duniya da suka shuɗe, ga Selknam a tsakiya, a gabansu ya sa wata kalmar Turanci mai nufin sun ƙare ƙurmus, irin wadda ake faɗa wa dabbobin da babu irinsu kuma. Kawu ya ɗauki jan biro. Ya bi kowane kwafi, ɗaya bayan ɗaya, ya soke kalmar, ya rubuta a gefe da kyakkyawan rubutunsa: "Kashe su aka yi, kuma ba duka ba." Sannan ya yi musu bango mai kyau, ya jera a kwali.

Dakta ya zo shagon kamar zai ci babu.

"Wane jahili ne ya taɓa mini aiki?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Kalma ɗaya ce ta karkace, na miƙe ta."

"Kai wane ne? Ina digirinka?"

"Ba ni da shi. Amma an kwashe 'ya'yansu an kai gidajen mishan, wasu an raba wa Turawa su yi musu bauta. Yaran nan ba su girma ba? Ba su haihu ba? In mutum ya ɓoye sunansa don kada a yanke masa kunne, ai ba mutuwa ya yi ba."

"Manyan masana sun rubuta sun ƙare!"

"Su waɗanda suka harbe su ma haka suka rubuta."

Oga Sunday ya shiga tsakani da sauri, don Dakta babban mai kawo aiki ne. Ya ce Baba Bulus ya rubuta takardar ban haƙuri, magana ta wuce. Kawu ya ce to. Washegari ya kawo takarda a ambulan, an buga ta da tafireta tsaf. Dakta ya buɗe a gaban mutane, ya ga an rubuta: "Zuwa ga jama'ar Selknam. Ina ba ku haƙuri a madadin Dakta, bai leƙa ba ne."

Ranar aikin Kawu ya ƙare a shagon, kuma wannan karon ko shi bai yi gardamar kalmar ba. Ya tattara basillarsa da zarensa a leda ya hau mota zuwa Dogarawa. Mutumin da ya ba shagon nan ƙuruciyarsa da ganinsa! Dakta ya sake buga littafinsa a wani wuri da kalmarsa daram. Ku kuma da kuke shan shayi da Kawu, wa ya je ya yi wa Oga Sunday magana? Cewa kuka yi Sarkin Nama ya jawo wa kansa. Ni ma da bakina na ce masa, "Kawu, mutanen da ba su san kana duniya ba, za ka rasa abinci dominsu?" Ya ce, "Rifkatu, ba sai sun san ni ba. Kalma ɗaya nake so ya cire, shi ke nan." Duk wata sai ya rubuta wa Dakta wasiƙa ya kai ofishinsa da ƙafarsa. Ko ɗaya ba a amsa ba.

A shekarar da aka cire tallafin mai, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, magana ta koma sai da ƙyar. Wata rana da hantsi ina shago ina latsa waya, na rubuta sunan Selknam don kewa kawai. Sai ga labari: gwamnatin Chile ta yi doka ta amince cewa Selknam suna nan da ransu, suna cikin ƙabilun ƙasar na asali. Jikokinsu ne suka yi ta fafutuka har aka yi. Ga hotunansu, mata da maza, da riguna irin na kowa, wasu suna kuka. Na bar rigar amarya a kan keke na tari acaɓa.

Na karanta masa sau biyu. Ya riƙe wayar da hannunsa mai lafiya, ya kawo ta daf da ido, ya daɗe yana kallon wata mata mai furfura. Ya yi wata dariya da rabin baki, hawaye na bin kunnensa. Sannan ya ce, "Kai... wa... Dakta."

Na buga labarin a takarda na kai. Lokacin Dakta ya zama Farfesa. Ya bar ni tsaye, ya duba sama-sama, ya ce, "Abin sha'awa. Za a duba a bugu na gaba." Ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar.

Mutumin nan shi ne ya zauna a layin gaba ranar jana'izar Kawu, ya nemi a ba shi dama ya yi magana, ya ce marigayi mutum ne mai son ilimi, wai irin su Bulus sun ƙare a duniya. Sun ƙare! A kan gawarsa! Na yunƙura zan tashi, Mamana ta danne mini cinya da ƙarfin da ban san tana da shi ba. A makon jiya na aika aka sayo mini sabon bugun littafin. Kalmar tana nan a shafinta, ko ɗigo bai taɓa ba.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne wannan. Kwana biyu kafin Kawu ya cika, ina ba shi kunu da rana, ya kama hannuna ya ce, "Ya... gyara?" Na dubi yadda ya rame, na ce, "Ya gyara, Kawu. Ya cire ta." Mutumin da bai taɓa yarda da maganar kowa ba sai ya gani da idonsa, ranar bai ce in kawo littafin ba. Ya lumshe ido ya ce, "Madalla." Ƙaryar da na yi masa ke nan, ita kaɗai tun da nake, kuma har yau ban yafe wa wanda ya sa ni yin ta ba.

Ya Ubangiji, ka gafarta mini ita. Ka ba Kawu Bulus hutawa a wurinka, ka sa ya tarar da waɗanda ya yi wa faɗa tun bai san fuskarsu ba, su karɓe shi kamar ɗan gida. Jikokinsu da suka rage kuma ka raya su, ka yawaita su. Amin.