Turaren Umma a Hannuna

Shekarar da Umma ta tafi Kano jinyar kakata, an bar ni a Agege wurin gwaggona saboda makaranta. Wata biyar ban gan ta ba. Muna yin waya, amma abin da na fi kewa shi ne ƙamshin da ke tashi daga mayafinta idan ta sunkuya tana gyara mini hijabi.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah, Gwaggo ta ce na isa in zaɓi turaren kaina. Ta kai ni shagon wata tsohuwa 'yar Barno kusa da layin dogo, mai sayar da humra da turarukan kwalba. Tun daga gida na san abin da nake so: doguwar kwalba mai murfi ruwan zinare, irin wadda Umma ke ajiyewa a bayan madubi. Da yatsa na nuna ta.

"Wannan na manya ne, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Miƙo hannu."

Ta fesa mini kaɗan a bayan hannu. Ina kai hanci ta riƙe ni.

"Ba yanzu ba. Ku je ku yi cefanenku, rana ta buge shi, ki yi gumi. Ba na sayar da turaren da bai zauna a jiki ba."

"Hajiya, sai ka ce rago za mu saya," Gwaggo ta ce tana dariya.

"Ragon ma ai sai an taɓa shi."

Muka shiga kasuwa. Gwaggo tana cinikin attarugu da Yarabanci, ni kuwa na ɓoye hannuna cikin hijabi, ina kare shi daga hayaƙin motocin haya na danfo da ƙarnin kifi. Ban shinshina ba ko sau ɗaya.

Da muka koma shagon, tsohuwar ta ce, "To, bismilla."

Na shinshina. Wani zaƙi ne kamar na alewa, da ɗan yaji a ƙarshe. Babu Umma a ciki.

"Ba shi ba ne," na ce a hankali. "Na Ummata nake so."

"Shi ne, 'yar nan. Uwarki tana turara kayanta da turaren wuta kafin ta fesa, ko ba haka ba? Ga man da take shafawa, ga jikinta. Na kwalbar shi ne ƙarami a ciki."

Ta ɗauko wata 'yar kwalba, ta ce wannan zai karɓe ni. Gwaggo ta taɓa kafaɗata, ta ce in karɓa mana. Na girgiza kai.

Ranar Sallah na fita gaishe-gaishe ba turare a jikina. Duk gidan da muka shiga sai in zauna kusa da manyan mata, ina shaƙar ƙamshin mayafansu.