Jirgin Yaya Badamasi a Gonar Yakaka

Duk wanda ya taɓa tsallaka ruwa daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Auyo ya san yayana, Badamasi mai fito. Shekara talatin yana tuƙa kwalekwale a fadamar nan, tun ana tura shi da gora har aka koma inji. Ya san ruwan kamar yunwar cikinsa. Ni kuma Asabe, ƙanwarsa mai suyar kifi a mashigi, taurin kansa na sani.

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya yi ta ɓoyewa, har ranar da na gan shi yana yi wa buhun shinkafa sallama. Fasinja suka fara sulalewa zuwa jirgin Buba, wani mai fiton. Na ce mu je asibiti a Haɗejiya a cire yanar. Ya ce babu mai kai masa wuƙa ido, kuma in labari ya bazu wa zai ƙara shiga jirginsa? Jirgin nan kuwa shi ne abincinsa, shi ne mutuncinsa.

Maimakon likita, sai ya nufi Modu mai gyaran janareta. Modu ya ciro injin waifa, abin share gilashi, daga wata matacciyar mota, ya ɗaure shi a hannun injin jirgi, ya haɗa shi da batir da wani ɗan akwati da salula mai taswira. Suka bi hanya sau ɗaya, salula ta haddace. In jirgi ya karkace, waifa ta jawo shi ya dawo kan layi.

"Kin gani ko?" in ji Yaya. "Ido ya huta."

"Yaya, salular nan ta taɓa shan ruwan fadama?"

"Ke dai baƙin ciki ne zai kashe ki."

Abin haushin, abin ya yi aiki. Fasinja suka dawo don kallon jirgi mai tuƙa kansa, Yaya na zaune ya harɗe hannu kamar hakimi. Ni ce ma na zama abin dariya a mashigi.

To amma a watan Agusta suka koya wa salula hanya, lokacin da ruwa ya shafe gonaki har ana yanke ta kansu. Yaya da bakinsa ya koya min tun ina yarinya cewa hanyar ruwa wata-wata take sauyawa. Ya sani sarai! Ruwa ya ja a Oktoba, salula kuwa tana nan a Agusta.

Ranar kasuwa ina cikin jirgin da kwandon kifina. Sai na ga mun bar hanya mai zurfi, mun doshi shinkafar tsohuwa Yakaka da ta fara nuna.

"Yaya, gona! Gona ce a gabanmu!"

"Ku zauna, salula ta san hanya."

Muka kutsa, farfelar inji na daddatsa shinkafa, har muka kafe a laka. Yakaka na tsaye da gwangwanin korar tsuntsu, ruwa iya gwiwa, sai salati take yi. Fasinja suka dire suna Allah wadai, Buba ya zo ya kwashe su.

Na tattaro duk masifar da na tara wata biyu, na buɗe baki zan sauke masa. Sai na ga ya miƙa hannu waje yana shafa kan shinkafar. Ya juyo inda yake jin motsina, ya yi ƙasa da murya.

"Asabe, nan ina ne?"

Gonar da ya shekara talatin yana wucewa ta gefenta. Na fasa masifar, tausayi ya kama ni har na ji haushin kaina.

"Gonar Yakaka ce, Yaya."

Ya saki kan shinkafar. Sannan ya laluba ya kwance waifar daga hannun inji, ya ajiye ta a ƙasan jirgi.

"Gobe ki raka ni Haɗejiya," ya ce. "In za mu tsallaka titi, ki riƙe min hannu."