Hular da Na Kaɓe a Kasuwar Bukuru

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe ranar da na kaɓe wa wani dattijo hula a kasuwar Bukuru ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina ɗan shekara ashirin, ina koyon ɗinki a Jos. Aka kawo wani fim ɗin Indiya na zamanin sarakuna, gari ya ɗauka. Labarin wani ne da aka tuɓe wa ubansa rawani a bainar jama'a, shi kuwa ya tashi da rantsuwar sai ya rama. Ba ma jin yarensu, amma wa ya damu? Da ya zare takobi sai silima ta kaure da ihu. Sau biyar na kalla. Mu samarin da ba mu da komai sai allura da almakashi, an nuna mana talaka ma yana da mutunci, kuma ɗa namiji ne ke ƙwato shi. Har tafiyata sai da ta canza.

Mahaifina tsohon lebura ne a ramin kuza, kuma yatsu biyu babu a hannunsa na dama. Ba ya son zancen. Abin da kawai na taɓa ji a bakin gwaggona shi ne wani abokin aikinsa, ɗan ƙabilar Birom, ya datse su da shebur. Na kuma san mutumin, don duk Kirsimeti yakan zo mana da kwandon acca, Baba kuma ya aika masa da cinyar ragon layya. Da can abin bai taɓa damuna ba. Bayan fim ɗin nan sai na ga accar toshiyar baki ce, ubana kuma matsoraci. Allah ya yafe mini.

Wata Asabar da hantsi na hau mota zuwa Bukuru. Na tarar da abokin Baban nan zaune gaban tulin dankalin Turawa. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, yaron Malam! Yaya Baba? Zo ka zauna."

Na tsaya ƙerere a kansa, na buɗe murya yadda jarumin nan yake yi. "Yatsun ubana na zo tambaya!" Na sa hannu na kaɓe hularsa, ta faɗa cikin taɓo.

Wallahi ihun silima nake jira, sai na ji wurin ya yi tsit. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya riƙe a cinya. Ya ce, "Ka gama? To, ka gai da gida."

Labari ya riga ni isa, wani direba maƙwabcinmu ya kai. Baba bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Ya zura babbar rigarsa ya ce, "Wuce mu koma."

A gaban mutanen da suka ga abin da na yi, mahaifina ya durƙusa. Ya cire hularsa ya ɗora a kan abokinsa, sannan ya ɗaga hannun nan ya juyo gare ni.

"Rami ya rufta da mu biyu, ni da wani lebura. Dutse ya danne mini hannu, ƙasa tana zubowa. Da bawan Allahn nan ya shigo ceto, ni ya fara tararwa, ya datse yatsun ya jawo ni waje. Kafin ya koma, ƙasa ta rufe ɗayan. Ɗayan nan ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Dattijon ya kama kafaɗarsa yana cewa, "Tashi, Malam, tashi. Bari shi. Yaro ne, ya so ubanshi."

Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Muka koma Jos, Baba kai ba hula, abin da ban taɓa gani ba a waje. A cikin mota mutane suna satar kallonsa, ni kuwa na kasa ɗaga ido.

Ban sake taka silima ba sai bayan shekaru. Na gane jarumi na gaske yana iya zama a kasuwa yana sayar da dankali, ba kiɗa ba takobi. Na kuma koyi in yi tambaya kafin in yi fushi. Na fita ne in ƙwato wa ubana mutunci, sai ga shi ni na durƙusar da shi a tsakiyar kasuwa.