Manjo Balkisu, Wadda Ba Ta Yarda da "Da Sauƙi" Ba

Kowace safiya Manjo Balkisu, shugabar masu jinya a wani asibitin Tawa, takan bi gadaje tana gaisuwa. Ba ta tsayawa ga "yaya jiki?", don ta san amsar. Mutumenmu ko yana bakin kabari, "da sauƙi" zai ce. Sai ta ja shi da hirar hatsi da damina, tana sauraren inda numfashi zai yanke masa magana. Watan jiya ta aje aiki.

Lokacin korona an yi ta cewa zafin ƙasarmu ta Adar zai kashe cutar. Ban ga ya kashe ba. Balkisu kuwa ta lura da waɗanda aka fi fitarwa a makara: tsofaffi, masu ciwon suga, masu hawan jini, masu ƙiba. Irinsu take fara dubawa, ta maƙala musu abin awon iska a yatsa, ko suna dariya.

Ƙanena Attahir na Affala ya haɗa uku cikin huɗun nan. Da aka kwantar da shi a asibitin, ya tashi zaune, ya ce gida za shi, ana sunan jikansa. Ta tambaye shi yadda gonarsa ta yi bana. Kafin ya kai ƙarshen zance ya huta sau da yawa.

"Baba, in ka hau mota yau, ba na zaton ka kai Affala."

"Ke ɗiyar nan, ke ka raba kwana?"

"A'a, Allah ka rabawa. Ni numfashi nika ji."

Dangi suka ce ta yi masa mugun baki, don a wurinmu ba a ambaton mutuwa gaban marar lafiya. Ya zauna dai, yana zumɓura baki cikin robar iska. Wani tsoho na gadon kusa, da ta faɗa wa haka, 'ya'yansa suka ɗauke shi. A hanya ya cika.

Balkisu, ba ki san gaibu ba, kin kuma sha yin kuskure. Amma ke ce kika zaɓi a zage ki da a binne mutum. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi wannan sauraren.

Attahir yana nan da ransa. Ranar bankwanan aje aikinta ya zo, ta ce, "Baba, yaya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Ta jawo kujera: "To, ba ni labarin gona."