Ɗaki Mai Taya a Gangaren Kugbo

Matso kusa ki ji, 'yar'uwa, don wannan abu har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Ni mace ce mai son zaman gida, ko kasuwar Gudu da ke kusa da mu sai dole take kai ni. To, shekarar da maigidana ya yi ritaya, sai ya ce za mu tare a gonarsa gaba da Masaka, mu yi sati biyu muna girbi. Ya kai ni wajen wani mai gwanjon ɗakunan nan masu taya da ake ja da mota. Biyu ne, ƙarami da babba. Mutumin ya dubi motarmu ya ce, "Oga, wannan mota ba zai iya babban ba." Na ji shi sarai, don magana ba ta wuce kunnena. Amma na ce ƙaramin ko kayan girkina ba zai ɗauka ba, balle surukata Inna da ta ce ƙafarta ƙafarmu. Maigida ba ya son musu, ya ce yadda na ce haka za a yi.

Na cika ɗakin taf, turmi, buhun shinkafa, jarkokin ruwa, duk a ƙuryar baya. Na shimfiɗa wa Inna katifa a ciki, wai kada tsohuwa ta takure a mota da ciwon bayanta. A ganina girmamawa ce. Har albarka ta sa mini.

Muna shiga gangaren Kugbo ɗakin ya fara rawa. Maigida ya taka birki, motar ta ƙi tsayawa, nauyin baya yana ingiza mu. Yana salati ina salati. Sai na ji ƙarfen da ya haɗa ɗakin da motar ya ɓalle, na waiga na ga ɗakin ya kife a gefen titi.

Da mutane suka fasa ƙofar, turmin yana kan ƙugun Inna. Ba ta yi kuka ba, tambaya kawai ta yi ko ɗanta ya tsira. Ba ta sake takawa ba. Bayan wata huɗu ta rasu a hannuna.

Yanzu na san ƙarfin mota ake dubawa kafin son zuciya, kuma ba a saka mutum cikin abin da ake ja. Maigida bai taɓa cewa laifina ne ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa ciwo. Har yau na kasa tambayarsa ko ya yafe mini. Da ke ce, za ki iya tambaya?